Yanzu Baba Ya Wuce

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Mun sake kwasa da Yaya a waya. Maganar dai ta kullum ce: in haɗa wa Baba kayansa, in rufe shagon ɗinkina, mu koma wurinsa babban birni inda akwai likitocin masu mantuwa da gida mai maigadi. Na ce, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya ce, "Auta, taurin kai ne da ke." Na ce ai gado na yi.

Ban musa ba, Baba ya rikice. Jiya ma ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa, ita da ta rasu tun ina 'yar makaranta. Amma ƙafarsa ba ta manta komai ba. Shekarun da ya yi a gidan ruwa yana duba famfunan titi sun zauna masa daram. Kullum in ya karya sai ya ɗauki sifanarsa da igiyoyin robar da mai faci ke yanko masa daga tsohuwar taya, ya fita zagaye. Duk famfon da ya tarar yana ɗiga sai ya ɗaure masa wuya. Bahago ne, ƙullinsa ta hagu yake juyawa, ko ido a rufe na shafa na san nasa ne.

Abin da Yaya ya kasa ganewa shi ne, garin nan gaba ɗaya maigadinmu ne. Mai faci ya miƙa Baba ga mai gyaran agogo, mai agogo ya miƙa shi ga mai aski, mai aski ya zaunar da shi ya huta, ya juyo da shi gida. Ba wanda ya tsara, ba wanda ake biya. In na leƙo daga shago, tun ban buɗe baki ba wani zai ce, "Autar Baba, yanzu ya wuce." Mai agogo har cewa yake da Baba yake saita agogunansa. Ina zan samu wannan a birnin Yaya, inda maƙwabci zai mutu sai wari ya ba da labari? Ina son garin nan, ba na jin kunyar faɗa.

Abin dariyar, ya ɗaure famfunan gari kaf, namu na kicin ya fi shekara yana ɗiga. In na yi magana ya ce na gida ba ya cikin aikin gwamnati.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Baba bai dawo cin abinci ba. Na rufe masa nasa na koma shago. A hanya mai faci ya ɗago daga taya ya ce, "Ya wuce tun da safe." Mai agogo ma ya ce ya wuce. Rediyo, abokiyar ɗinkina (ita ta jawo wa kanta sunan da bakinta), ta ce ƙila hira ta yi daɗi a wurin mai aski. Na taka kekena hankali kwance, har na gama wuyan riga biyu.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Mai aski yana share gashi na iske shi. Ya ce, "Ai ya tafi, 'yata. Ba ku haɗu ba? Kun yi saɓani ke nan."

Na dawo da sauri. Abincin na nan yadda na rufe shi.

Yaya ya kira ya ce in ba Baba. Na ce ya ɗan fita.

Laraba, da hantsi

Shimfiɗarsa ko lanƙwasa babu. Maƙwabta sun ce kar in tayar da hankalina, wani ne ya ga dare ya yi ya ba shi masauki, ai Baba na kowa ne. Sai dai har yanzu wanin bai aiko ba.

Wajen sha ɗaya na isa wurin mai agogo, yana da gilashin nan maƙale a ido ɗaya. Ya ce, "Ƙarfe goma daidai ya wuce, kamar kullum."

Na ce, "Jiya ko yau?"

"Yau mana, Autar Baba. Har na ɗaga masa hannu."

Daɗi ya kama ni. Na juya zan bi bayansa, sai wani abu ya sa na tambaya, "Wace riga ce a jikinsa?"

"Shuɗiyar nan tasa."

Na yi godiya. Shuɗiyar na kan igiya a tsakar gida, ni na wanke ta shekaranjiya. Ruwan ƙasa na goge masa ya sa ranar Talata.

Laraba, da yamma

Famfon kicin na ɗiga.

Alhamis, ƙarfe uku

Na je ofishin 'yan sanda, Rediyo ta raka ni. Wanda ke kan tebur ni na ɗinka wa matarsa kayan haihuwa. Da ya ji abin da ya kawo ni dariya ya yi, irin ta kwantar da hankali. Ya ce, "Haba, wa ke ɓata a garin nan? Ko akuya ta ɓata kafin rana ta faɗi an kawo ta gida. Ni da kaina na hango Baba da safen nan wajen tasha." Ya ce dai za su sa ido.

Mun zarce tashar. Famfon da ke bakin ƙofa, wanda Rediyo ta rantse jiya yana tsiyaya, an ɗaure shi da sabuwar roba. Ƙasan wurin bai gama bushewa ba. Rediyo ta dafa ni ta ce, "Kin gani? Gani ya kori ji. Yana nan, wasan ɓuya yake da ke."

Duk inda na je haka ne. Yanzu ya wuce. Da kin zo da wuri kaɗan. Bi nan za ki cim masa. Na bi nan, na bi can, har takalmina ya tsinke. Garin da mutum zai zagaye a ƙafa bai yi gumi ba, ya za a yi tsoho mai jan ƙafa ya riƙa riga ni shan kwana?

Juma'a, da safe

Na gaya wa Yaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Tun yaushe?" Na faɗa masa.

Asabar, bayan azahar

Yaya ya iso da hotunan Baba da ya bugo a birni, yana liƙawa a bango. Mutane suka ji haushi. Mai aski ya ce, "Hoton me? Akwai wanda bai san Baba ba a nan? Ka mai da mu baƙi ke nan." Ni ma sai na ji kunya, kamar Yaya ya zagi danginmu a kasuwa.

Yaya bai kula ba. Ya zauna a bencin shagon ya ce, "Kawu, ka ce jiya ka gan shi."

"Ƙwarai."

"Kun gaisa?"

"Na gaishe shi."

"Ya amsa?"

Mai aski ya tsaya da almakashi a hannu. Ya daɗe yana kallon madubi. Can ya ce, "Ina kan askin wani mutum ne, na ba ƙofa baya. Na dai ji ƙarar sifanar nan tana bugun maɓallin aljihunsa. Sai na ce, Baba an iso? To... ban juya ba."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani tarinsa ya ji. Wata bayansa ta hango yana shan kwana. Ɗan sandan ma da aka matsa ya ce daga nesa ne, kuma rana na dukan idonsa. Tun ranar Talata ba wanda ya ga fuskarsa, ba wanda ya ji muryarsa. Ba kuma wanda ya yi ƙarya, wannan shi ya fi ba ni tsoro. Kowa da zuciya ɗaya ya faɗa.

A hanyar gida Yaya ya ce, "Sabo turken wawa." Ban san ko da su yake ko da ni ba.

Lahadi

An fita nema. Kasuwa, asibiti, bakin rafi, duk inda yake bi. Gari ya fito kwansa da kwarkwata, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Na yi kuka da na gan su, ban san ko na godiya ne ko na haushi ba.

Litinin, ƙarfe goma da rabi na safe

Gara in rubuta tun ban fara gaya wa kaina wani labarin ba.

Na ce yau ni zan tsaya da kaina. Tun tara da rabi na zauna a ƙofar shagon mai agogo, idona a kan titi. Rana tarwai, ba inuwar da mutum zai laɓe. Tsallaken titin akwai famfon da ke ɗiga cikin kwata, ina jin sautinsa daga inda nake. Mai keke ya wuce, mace da tulu ta wuce, shi ke nan.

Agogunan shagon suka buga goma, duk a tare. Na sunkuya in gyara maɗaurin takalmina, sai na ji mai agogo a bayana ya ce, cikin fara'a, "Baba, an fito?"

Na ɗago. Titi wayam. Na waiwaya, hannunsa na sama, gilashin na idonsa, kansa ko ɗagowa daga agogon da yake gyara bai yi ba. Da ya ga yadda nake kallonsa sai ya dubi hannun nasa kamar na wani, ya sauke shi a hankali.

Ya ce, "Wallahi, 'yata, ban san na yi ba."

Muka yi shiru. A cikin shirun ne na lura ba na jin famfon. Na tsallaka. Roba ce sabuwa a wuyansa, ɗigon ƙarshe na rataye bai faɗo ba. Ban taɓa ƙullin ba. Ban so in san ta wane gefe ya juya.

Litinin, da yamma

Ban gaya wa Yaya ba. Famfon kicin na ɗiga. Na sa masa kwano, sai ƙarar ta ƙaru.

Talata, ƙarfe huɗu

Mai faci ya zo shago yana murza hularsa. Rediyo ta tsayar da keke, abin da ba ta yi ko don mai kaya.

Ya ce, "Autar Baba, famfon tasha ni na ɗaure. Na ga yana zuba, na ce kar Baba ya zo ya tarar ransa ya ɓaci. Ban san zai sa ki sa rai ba."

Na ce, "Na gaban mai agogo fa?"

Ya ce wanne. Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce rabonsa da layin nan tun wancan makon.

Ya kai bakin ƙofa ya dawo. Ya ce akwai abin da ke cin ransa. Ranar Talatar da ya ɓata Baba ya ce a yanko masa roba doguwa, wai babban tanki na yoyo. Shi kuma ya yi dariya, don tankin kan tudu an daina aiki da shi tun kafin a yi masa aure. Ya yanko masa ya ce a sauka lafiya. A zatonsa mai agogo zai tare shi. Ko da ya nufi tudun ma, ai akwai tsohuwar nan ta gidan ƙarshe, wadda ko kaza ba ta wuce ƙofarta ba ta tambayi ta waye ba.

Rediyo ta ce, a hankali, "Ai 'ya'yanta sun ɗauke ta. Tun watan jiya gidan ke kulle. Suna birni."

Yaya ya tafi neman fitila da mutane. Sun ce in zauna a gida.

Laraba

Tsohon tanki. A can suka sami gawarsa.

Alhamis

Takalma a ƙofar gida har bakin titi. Ban san muna da tabarmi da yawa haka ba, ashe na maƙwabta ne.

Asabar, da rana

Likita ya gaya wa Yaya tun yaushe ne. Yaya ya gaya min. Ba zan rubuta ba.

Rigar ruwan ƙasa ce a jikinsa, karin gugata na nan a hannun. Sun kawo min sifanar. Doguwar robar ba su kawo ba, sun ce ya riga ya naɗa ta a bututun, ya ɗaure tam. Bututun da rabonsa da ruwa ya fi shekaruna na aure da zawarci a haɗe.

Daga kan tudun ana hango rufin shagona. Yaya ne ya faɗa, sannan ya yi da-na-sanin faɗa.

Litinin, da hantsi

Na fita yau, karon farko. Garin nan da ba ka taku uku ba a gaishe ka ba, yau kowa ya samu abin dubawa a ƙasa. Mai aski ya hango ni ya shige ciki. Mai agogo ya juya teburinsa yana fuskantar bango. Rediyo ta ce tun ranar Laraba, in goma ta kusa, sai ya zauna a kan hannunsa.

Ina jin haushinsu, ba zan ɓoye ba. Da a birnin Yaya ne, inda ba wanda ya san shi, da tun daren farko na fita ina ihu, da wani baƙo ya ce bai gan shi ba, na yarda, na ci gaba da nema. A nan kowa ya gan shi. Ƙauna ce ta rufe mana ido gaba ɗayanmu, ni ce kuma ta farko da na ce ya ɗan fita.

Amma da na dawo na tarar an share min ƙofar gida, an cika min randa, an kwashe shanyar da na manta a igiya an ninke, har da shuɗiyar rigar. Ban san wa ya yi ba, kuma na san ba wanda zai ce shi ne. To da wa zan yi fushin?

Laraba, da yamma

Yaya ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a gidan nan ba. Ya ce, "Da kina cewa saboda Baba ne. Yanzu saboda wa?" Ya ce Asabar da safe za mu kama hanya, keken ɗinkin a biyo mu da shi daga baya.

Rediyo ta yini ba ta ce uffan ba. Da za mu rufe shago ta ce, "In kin tafi wa zai riƙa ce min in yi shiru?"

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na gama haɗa kaya. Ɗakin Baba ban taɓa ba, na dai ja ƙofar. Sifanar na ajiye a kan tagar kicin, ban san me zan yi da ita a birni ba. Yaya ya tafi kwana wurin abokinsa, ya ce ba ya iya barci a gidan. Na kulle ƙofar gida, na kulle kicin, makullan na ƙarƙashin matashina.

Yana ɗiga. Gobe wani ne zai ji shi, ko ba kowa.

Asabar, ƙarfe goma da kwata na safe

Na makara, abin da ban taɓa yi ba. Na daɗe a kwance ina tunanin me ya canja a gidan, sai na gane shiru ne.

Kicin a kulle yake yadda na bar shi, ni na buɗe. Kwanon da ke ƙarƙashin famfon ya bushe ƙayau. A wuyan famfon akwai roba, baƙa, sabuwar yanka, har tana warin taya. Wannan karon na taɓa. Na rufe ido na bi ƙullin da yatsa.

Ta hagu ya juya.

Na zauna a ƙasan kicin. Na ɗauka tsoro zan ji. Abin da na ji bakina na faɗa shi ne, "Au, Baba, yau na gida ya shiga aikin gwamnati?" Daga nan kukan da ban yi ba tun ranar Laraban nan ya zo, har da shessheƙa.

Wataƙila mai faci ya koyi ƙullin. Wataƙila akwai maƙwabciyar da Inna ta bar wa makulli tun da can. A garin nan komai na iya yiwuwa, kuma ba wanda zai amsa. Ba zan tambaya ba. Sifanar ce dai ban gani a kan tagar ba, ban kuma neme ta ba.

Yaya ya iso yana danna hon. Na fita ba mayafin tafiya, ba jaka. Ya dube ni ya dubi hannuna, ya kashe motar. Ya ce, "Auta, kar ki yi min haka." Na ce ya shiga kicin ya gani. Ya shiga, ya daɗe. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya jingina da mota.

Muna tsaye sai ga mai aski a kan kekensa, ya makara shi ma. Ya rage gudu kamar yadda ya saba yi a ƙofarmu shekara da shekaru, bakinsa ya riga shi: "Autar Baba, ya fito kuwa?" Sai ya tuna. Ya dafe baki, keken ya karkace, har ya kusa faɗuwa. Ban taɓa ganin dattijo ya ji kunya irin haka ba.

Daga can ƙasan layi agogunan mai agogo suka fara buga goma.

Na ce, "Yanzu ya wuce, Kawu."